Ranar da Majema Suka Karɓe Kyautarsu

Mode bai taɓa jeme fata ba, amma a shekarun farko na mulkin Nasara babu wanda ya fi shi sanin unguwar majema ta Sakkwato. Shi ne makaɗinsu, wurin ubansa ya gada. Gajere ne mai ɗaurarriyar fuska, in ka gamu da shi a kasuwa sai ka ɗauka faɗa ya fito nema. Sai ya rataya kalangu kake gane cewa Allah bai raba shi da komai ba.

Waƙarsa tsari gare ta. Daga gidan bakin rijiya yake farawa, ya bi unguwar gida-gida, ya kira mai gida da ubansa da kakansa. Wanda aka kira sai ya miƙe ya ɗaga hannu. Ba a tsallake gida, don tsallakewa zagi ne. Haka ubansa ya koya masa, bai kuma san wata hanya ba.

Sai babbar yunwa ta zo. Wasu suka mutu, wasu suka yi gabas, kalangu ya yi shiru. Da Allah ya kawo damina mai albarka, samarin ƙarshen unguwa suka ce a tayar da wasa. Jagoransu Lawwali ne, wanda mutuwar ubansa ta mai da shi mai gida, kuma bai taɓa jin an kira shi a waƙa ba. Tun kafin ranar suka kai wa Mode gero da jar fata, Lawwali ya ɗora rigarsa ta Sallah a kai. Har mata suka sa abin da ya sawwaƙa.

Bayan la'asar fili ya cika. Mode ya saki kiɗa, ya kira mai gidan bakin rijiya, Junaidu ɗan Maccido. Ba wanda ya miƙe, Junaidu yana cikin waɗanda yunwa ta ci. Ya kira na biyu, shiru. 'Yan amshi suka yi ta ƙifta masa ido ya tsallaka wurin masu rai, ya ƙi. Yana kira muryarsa tana dusashewa, har ta ƙare gaba ɗaya tun bai kai tsakiyar unguwa ba. Ya zauna a ƙasa da kalangu a cinya. Gaskiya ɗaya ce, wasa bai yi ba. Ko ƙafa ba wanda ya ɗaga.

Da safe sai ga samari a ƙofar zaurensa.

"Baba Mode, mun zaka amsar kayanmu," in ji Lawwali. "Sunanmu munka so mu ji, kai ko matattu kaɗ ɗauko muna."

"Ɗana, ka taɓa jin inda anka amshe kyautar makaɗi?"

"Mu ma ba mu taɓa jin wasa irin na jiya ba."

Ni mai ba ku labarin nan, har yau abin yana ƙona mini rai. Makaɗin da aka karɓe wa kyauta ya gama yawo, ba mai sake gayyatarsa, kuma Lawwali ya san haka. Sai dai ba na iya tsine wa yaran. Sun binne iyayensu, sun ci ganye, abin da suke so kawai a faɗa a gaban jama'a cewa suna nan da rai.

Mode ya shiga cikin gida. Ya ninke rigar, ya fito da fatu da geron, ya jera a ƙofar gida. Kowa ya ɗauki nasa yana kallon ƙasa. Daga ranar ba a sake kiransa wasa ba, har ya bar duniya.

Suna watsewa sai Hajjo ta iso da ƙwarya, matar marigayi Junaidu. Mode ya ɗauka geronta ta zo karɓa, ya miƙa hannu zai auna mata.

"Ba shi ya kawo ni ba," ta ce. Ta durƙusa ta sauke ƙwaryar, fura ce a ciki. "Ka san mace ba ta hwaɗin sunan mijinta. Ɗiyanmu sun tahi, abokan nan nashi sun tahi. Tun randa anka rufe shi ban ji wani ya kira shi ba sai jiya. Don Allah, Mode, ka ƙara."

Ya dube ta, ya dubi kalangun da ke rataye, bai taɓa shi ba. Da 'yar muryar da ta rage masa ya kira Junaidu ɗan Maccido, jikan Yari, mai gidan bakin rijiya.

Hajjo ta gyara mayafinta, ta miƙe tsaye, ta ɗaga hannu.