Buhu Tiya Arba'in Ne

Malam Mati bai yi boko ba, karatun allonsa ma bai wuce izu biyar ba, amma a ƙasar da ke tsakanin Funtua da Malumfashi da wuya a sami wanda ya fi shi sanin darajar ma'auni. Yana saurayi ya yi dako a wurin awon auduga, inda ya ga yadda taɓa sikeli da ɗan yatsan ƙafa ke cinye wahalar damina guda. Da auduga ta ja baya, ya sayi tiya, ya kafa rumfa a kasuwar Laraba ta garinsu yana awon masara, dawa da waken soya. A wannan rumfa ya shekara talatin da ɗoriya, da ita ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya shida. Ba shi da wata dukiya bayan ita sai 'yar gonar gado.

Wata shekara da kaka, hukumar yankin ta kafa allo a ƙofar kasuwa: duk buhun hatsi da ya shigo, naira ɗari biyar. Dokar a rubuce ba ta da aibi. Aibin ya fito daga Dogo, mutumin da aka ba yankan rasit, wanda a wurinsa duk ledar da ke da baki da gindi buhu ce.

Ranar wata Laraba Ladidi, wata dattijuwar Bamaguziya da ta saba kawo wa Mati awo, ta iso da ɗan buhun gishiri a ka, da dawa a ciki. Dogo ya tare ta.

"Iya, ɗari biyar."

"Ta me, ɗan nan? Tiya huɗu ce fa. Maganin ciwon ƙafa zan saya."

"Ni ban ga tiya ba, buhu na gani."

Mati ya taso daga rumfarsa. "Kai Dogo, wai duk tsawon nan a ƙafa ya ƙare, kan bai sami rabo ba?" Aka tuntsire da dariya. Ya karɓi kayan Ladidi, ya juye dawar cikin wani daro, ya kakkaɓe ledar ya miƙa masa. "Ga buhunka nan, yanka masa rasit. Ita da daro za ta shiga."

Larabar da ta biyo baya, matan ƙauye suka zo da darurruka da ƙore. Dogo ya kai ƙara cewa wani tsoho yana zuga jama'a su ƙi biyan haraji. Aka aiko wa Mati takarda: ya bayyana gaban Alhaji Zainulabidin, shugaban sashen tara kuɗin shiga, ranar Litinin, in bai wanke kansa ba a ƙwace rumfar.

Abokan sana'arsa suka ba shi shawara iri biyu, kuma duk biyun kuskure ne. Wasu suka ce ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri, hukuma ba a ja da ita. Wasu suka ce ya tsaya a kan cewa haraji gaba ɗaya zalunci ne. Na farko sun ɗauki hukuma abin tsoro kawai, na biyu sun ɗauke ta ɓarauniya kawai. Mati ya san kasuwa ba ta share kanta, kwalbatin hanyar kasuwa da ruwa ya cinye ba ya gyara kansa, kuma wajibi ne wani ya biya. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne a ɗora wa mai tiya huɗu nauyin mai tiya arba'in, a kira wannan daidaito. Duk da haka ya yini Lahadi bai iya cin abincin kirki ba, domin sanin gaskiya ba ya hana mutum tsoron rasa abin da yake ci da shi.

Ranar Litinin ya ɗauki hayar amalanke, ya ɗora buhu uku da tabarma da tiyarsa, ya sauke a barandar ofis.

Alhaji Zainulabidin ya leƙo. "Malam, ƙara aka kawo ka ko kasuwa ka zo ci?"

"Ranka ya daɗe, shaiduna na kawo. Ba su iya ƙarya ba."

Ya shimfiɗa tabarma, ya kwance na farko, irin buhun da kowa ya sani, ya auna a gaban ma'aikata: tiya arba'in. Ya kwance na biyu, ɗan ƙarami irin na Ladidi: huɗu. Sannan ya juya ga na uku, wanda aka ɗinka wa ƙarin leda a baki har ya fi ƙugun mutum tsawo. Ya ci tiya hamsin da shida.

"Wannan na manyan dillalai ne, ranka ya daɗe. Tun da aka kafa allo suka fara yi wa buhu ƙari. Shi ma ɗari biyar. Kuna tatsar tsohuwa, mai tirela yana wucewa da rabonku ta gabanku."

Dogo, da ke tsaye a gefe, ya ce, "Yallaɓai, allo dai buhu ya ce."

"A kasuwar hatsi buhu ba leda ba ce, awo ne," in ji Mati. "Tambayi duk wanda ya taɓa sayar da masara."

Alhaji Zainulabidin ya dube shi. "Kai fa, ba ka sayen irin wannan dogon buhun?"

"Ina saye. In kun gyara doka, ni ma zan ƙara biya, kuma ya kamata in biya. Ku karɓa da ma'auni, mu kuma mu ga abin da aka yi da shi a hanyar kasuwa. Iyakar roƙona ke nan."

Shugaban ya sunkuya ya ɗebi masara a tafin hannu ya zubar. Ɗan manomi ne, bai buƙaci a maimaita masa ba. Ya karɓi takardar ƙwace rumfa daga hannun akawu ya ninke ta, ya ce Malam Mati ya koma bakin sana'arsa.

Bayan mako uku aka sake fentin allon. Buhu tiya arba'in ne; abin da ya haura a biya ƙari, abin da bai kai tiya goma ba ya shiga kyauta. Da wani ɗan makaranta ya karanta wa matan ƙauye, Ladidi ta rangaɗa guɗa har 'yan acaɓa suka tsaya kallo. Kafin damina ta faɗi aka zuba sabon kwalbati a hanyar kasuwa.

Sabuwar dokar ta tilasta wa mai rasit ya iya awo, shi kuwa Dogo bai taɓa riƙe tiya ba. Da hantsi ya zo rumfar Mati yana sosa ƙeya.

"Baba Mati, wai an ce in zo ka nuna mini."

Mati bai ɗaga kai daga awonsa ba. "To, tsuguna. Riƙe mini bakin buhun nan, kuma ka buɗe shi da kyau."