Layin da Nea Iorgu Ya Manta

Shekara tara muna zama teburi ɗaya da Ruxandra a wani ƙaramin ofis a birnin Iași, ban taɓa ganin ta bar kofi ya huce ba sai ranar Talatar nan. 'Yar direban jirgin ƙasa ce, ga baki, ba ta raga wa kowa in ya rubuta shirme. Ni kaina na sha ji a jikina.

Aikinta shi ne kula da manhajar da ke raba wa sassan na'ura wuta. Duk sashen da ya karɓi wuta, ƙidaya ta ƙaru da ɗaya. In ya gama, ta ragu. In ta koma sifili a kashe. Sati uku na'urorin auna sanyi na motocin madara suna shanye batir tun kafin azahar. Ranar nan ta gano dalili: a wani lungu, in an sami tangarɗa, ana ficewa ba a rage ƙidayar ba. Gyaran layi biyu ne kacal.

"To aika mana," na ce. "Ko sai an yi miki kiɗa?"

"Kai dai zo ka ga wanda ya rubuta."

Nea Iorgu ne, wato Baba Iorgu. Dattijon da ya ɗauko ta daga jami'a ya koya mata aikin, mai cewa kullum, "Abin da ka ara, mayar kafin ka fita." Bara shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi. Abin da ya rage masa shi ne karanta saƙonnin zauren intanet na masu manhajar kowace safiya.

Al'adarmu kuwa ba ta san kunya ba. Duk gyara sai ka ambaci aikin da ya kawo kuskuren, ka sa sunan mai shi cikin saƙon, a gaban dubban mutane, kuma ba ya gogewa.

"Cire sunan mana," na ce.

"Su dawo min da shi suna tambaya a bainar jama'a? Ka ga an gudu ba a tsira ba." Ta dafe kai. "Wannan aikin ne kaɗai abin alfaharinsa. In ya ɗauka na jira ya faɗi ne na taka shi fa?"

Sau uku ta kira gidan dattijon, matarsa Tanti Aurica na cewa yana asibiti wajen motsa jiki. Ga shi ranar Laraba za a rufe karɓar gyara. Ƙarfe huɗu ta aika, da sunansa a ciki. Na sayo mata covrigi mai zafi, burodin nan mai kama da zobe, ko kallonsa ba ta yi ba. Ni ma na yi ta leƙa zauren, don na san in dattijon ya yi shiru, shirun nan zai bi ta har abada.

Washegari da hantsi amsarsa ta shigo zauren, dukanta da ƙananan baƙaƙe, rubutun mai hannu ɗaya:

"na duba, na amince. 'yata, shekara tara sai yanzu kika kama ni? akwai irinsa a layi na 412, shi ma nawa ne. ki sa sunana."

Ruxandra ta buɗe layin tana share ido da bayan hannu. Kuskuren yana nan, daidai inda ya faɗa.