Ruwan Shayin Baba

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakwal a Magaria, Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa. Bayan kaka ne, an gama ɗaure hatsi, kowane gida ana ɓarar gyaɗa. Ciwon ciki ya kwantar da ita sati biyu, muka kai ta gidan likita, ashe kwana ya ƙare. Abin da ya biyo bayan rasuwar nake so in ba ku labari, don a shekarar nan na kusa rasa mahaifina ma, kuma da hannuna a ciki ban sani ba.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Mallawa. Ba shi da sarauta, ba shi da tarin dabbobi, amma kowa a yankin ya san shi da shayi. Kullum bayan la'asar zai shimfiɗa tabarma a zaure, ya hura gawayi, ya jera 'yan kofunansa, sannan ya ɗaga murya ya ce a kawo ruwan shayi. Mahaifiyata za ta miƙo masa a ƙwarya daga bakin ƙofar cikin gida, ta koma. Kayan haɗinsa ba wani abin ɓoyo ba ne: koren ganyen shayi, na'ana'a, kanumfari ƙwaya uku, sukari. Kowa ya gani, kowa ya gwada a gidansa, ba wanda nasa ya yi kamar na Baba. Masu amalanke da ke dawowa daga kasuwa sukan tsayar da shanunsu don su samu ko dahuwa ta uku ce. In aka tambaye shi sirrin, sai ya ɗaga hannunsa na dama ya juya shi, ya ce, "Ga shi nan. Hannu ne."

Da mahaifiyata ta rasu, likitan da ya duba ta ya ja mu gefe ya ce mu kula da ruwan sha a gida. Ni kuwa, malamin lakwal, na samu abin da zan huce a kai. Tun kafin a tashi daga zaman makoki na sa aka fitar da duk randunan gidan. Na sayo bido biyu na roba masu murfi, na tara matan gida na yi musu darasi a kan tsabta, kamar ina gaban allo. Dangi suka kwashe randunan, ban ma tambayi wa ya ɗauki wacce ba.

Bayan sadakar arba'in Baba ya sake hura gawayinsa. Matar ƙanena, wadda ta karɓi hidimar gidan, ta zubo masa ruwa daga bido. Ya dafa, ya yi ta ɗaga buta har kumfa ta hau, ya kurɓa, sai ya zubar da sauran a ƙasa. Washegari ya sake ganye. A rana ta uku ya sake gawayi. A rana ta huɗu ya wanke butar ya rataye ta a ƙusa, ya ce wa mutanen zaure su yi haƙuri.

"Bakina ya mutu," ya ce da ƙanena. "Haka babana ya yi. Bakinsa ya fara mutuwa, bai rufa wata uku ba ya bi shi."

Daga nan ya fara janye hannu daga abinci. Tuwo loma biyu, fura kurɓi ɗaya. Muka kai shi gidan likita a Dungas, aka duba, aka ce ba a ga komai ba sai rashin ƙarfi, ya dai ci abinci. Ya ce to. Ya dawo gida ya ci gaba da zama a zaure yana jan carbi, kamar wanda ya gama ɗaure kaya yana jiran mota.

Ni a lokacin ina ɗaukar kaina gwanin shayi. A fadarmu ta Magaria, inda muke zaman hira da abokai, ni ake bar wa buta, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. Sai na ce a raina, in har shayi ne ya sa Baba ya yanke ƙauna, da shayi zan dawo da shi. Zan nuna masa bakinsa na nan da rai.

Na tafi Damagaram takanas, na shiga wata babbar butik, na kwaso kwalaye na shayin nan mai 'yar jaka da zare. Kowace Asabar in ɗaura su a bayan babur in nufi ƙauye. Nakan fara ɗanɗanawa, sannan in miƙa masa.

Na farko mai lemo ne. Da na zuba ruwan zafi ƙanshi ya cika zauren, na ce yau an dace. A baki kuwa ruwan zafi ne kawai, duk daɗin ya tsaya a hanci. Baba ya kurɓa ya dube ni. "Sabulun wanka ka jiƙa mani?" Na biyu akwai hoton wasu jajayen 'ya'yan itace a kwalin, irin waɗanda ban taɓa gani a gonar kowa ba. Ruwan ya yi ja jawur, da ɗan tsami mai kama haƙori. Ya ce wannan alewar yara ce. Na uku mai banil, ƙanshin nan da ake sa wa biskit, ni kaina na so shi, yana da laushi a maƙogwaro. Baba ya ce yana ƙanshin man shafawar amare, in kai wa matata.

Da kwalaye suka ƙi, na koma wajen masu sayar da ganyaye a kasuwa. Na dafa masa tsaure, wanda har yau ina ganin ba shi da na biyu wajen sanyaya ƙirji. Na dafa goruba, mai kauri da zaƙi-zaƙi da ɗan bauri a ƙarshe. Na dafa ɗoɗɗoya. Na dafa zoɓo da citta, wanda ya sa ni gumi har cikin kunne. Na dafa hulba, na sha kofi biyu don in ba shi sha'awa, na yi kwana uku ina warinta a cikin aji, ɗalibai suna kallon juna. Baba yana kurɓar kowanne sau ɗaya don kada ya ba ni kunya.

Ranar tsauren ne ya ce, "Na bakin fadama ne wannan. An yanke shi bai ƙosa ba."

Na yi farat na kama maganar. "Baba, wanda bakinsa ya mutu ai ba ya gane tsauren da bai ƙosa ba."

Ya ce, "Ina jin na wasu. Nawa ne ba na ji."

Sai na sauko da butarsa daga ƙusa, na dafa nasa da kaina, yadda na gani tun ina yaro. Ɗacin na farko ya yi daidai, na'ana'a ta fito, kanumfari ya fito. Amma da na haɗiye sai na ji wayam. Da can, in ka haɗiye shayin Baba, akwai wani abu da ke saura tsakanin maƙogwaro da hanci, mai sanyi, irin ƙanshin ƙasa ranar ruwan fari. Shi ne babu. Na daure na ce masa ai ga shi nan lafiya lau. Ya dube ni irin duban da yake mani in na yi ƙarya ina ƙarami, na sunkuyar da kai.

Asabar ɗin da ta biyo baya na iske ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya kira ni da ƙanena, ya faɗa mana iyakar kowace gona da wanda ya shaida ta. Sannan ya nuna butar ya ce in tafi da ita Magaria, tunda ni ke son shayi. A ranar na ji tsoro na gaske. Na fita bayan gida na tsaya jikin rumbu na yi kuka, ni da nake da 'ya'ya uku.

Ƙanena ya ce gara a sanar da dangi. Aka ba ni zuwa Guci wajen ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Na isa da rana tsaka, maƙogwarona a bushe. Kafin mu gama gaisawa ta shiga ɗaki ta ɗebo mani ruwa a ƙwarya, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Na kafa kai na sha. Ban kai rabi ba na tsaya. Abin nan da na nema a butar Baba na rasa, ga shi a maƙogwarona.

"Inna, ruwan nan na ina ne?"

"Na rijiyarmu mana. Daga ina kake so ya fito?"

"A'a, akwai wani abu a cikinsa."

Ta dube ni sama da ƙasa. Inna ba ta iya ɓoye magana ba. "'Yar randar yayata ce, wadda kuka jefo waje ranar da ka yi mana lakwal a tsakar gida. Na ɗauko abata. Ina turara ta ranar Juma'a yadda take yi, don in riƙa jin ƙanshinta."

Na ce mene ne turarawa. Ta riƙe haɓa. Ta ce duk karatun nan nawa ban san ana turara randa ba? Sai ta yi mani bayani kamar mai koya wa yaro. A wanke randa a bar ta ta sha iska. A tona ɗan rami a sa garwashi, a barbaɗa kajiji da ɗan ƙaro, a kife randar a kai har yumɓun ya sha hayaƙi. Sannan a zuba ruwa a jefa ɗan ƙullin saiwar jema. Ta ce hannun yayarta ba shi da nauyi, ba ta bari hayaƙi ya fito fili. Kuma wannan 'yar randar a ƙuryar ɗaki take ajiye ta, ba mai sha daga ciki. Ta ruwan shayin maigida ce kaɗai.

Na ba ta labarin halin da Baba ke ciki. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi jin sauƙi. Ta tashi ta juye ruwan, ta naɗe randar da tsohon zane. Na ce in ɗaura a babur, ta ce ko kusa, na yi ɓarnar da ta isa. Washegari ta shiga motar kasuwa da randar a cinyarta.

Da hantsi ta turara ta a bayan ɗakin mahaifiyata, ta aika aka jawo ruwa a rijiya. Bayan la'asar na hura gawayi a zaure, na ajiye butar a gaban Baba. Ya ce in ɗauke. Sai ga Inna a bakin ƙofar cikin gida, da ƙwarya a hannu, daidai inda yayarta ke tsayawa. Da ma akwai wasa tsakaninsu tun tana budurwa.

"Malam, tun daga Guci na zo shan shayin da ake ta ba ni labari. Ko rowa za ka yi mani?"

"Na daina, 'yar nan."

"To ka daina gobe. Ga ruwa."

Ya karɓa don kunya. Ya zuba ganye, ya sa na'ana'a, ya ƙirga kanumfari uku. Butar ta tafasa. Ya ɗaga, ya juye, ya mayar, ya sake ɗagawa. Ya zuba kaɗan ya kurɓa. Ya rufe ido. Ya sake kurɓa.

"Ya dawo," ya ce a hankali. Ya juyo gare ni. "Wane ganye ka kawo yau?"

Inna ce ta faɗa masa, daga randar har kajijin har jemar.

"Kullum take yi?"

"Kowace Juma'a. Tun shekarar da aka kawo ta gidan nan."

"Ba ta taɓa faɗa mani ba."

"Ka taɓa tambaya?"

Baba ya ajiye kofin. Ya buɗe hannunsa na dama yana kallonsa. "Shekara arba'in ina ɗaga wa mutane wannan," ya ce. "Tana bayan ƙofa tana jina." Ranar jana'iza ban ga hawayensa ba, ranar uku ma ban gani ba. A wannan la'asar ɗin ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, ba wanda ya ce masa ya bari. Da ya natsu ya dafa na biyu, ya dafa na uku, ya shanye rabonsa duka. Sannan ya tambaya ko akwai sauran fura.

Allah ya ƙara masa shekara biyar bayan nan. Kafin Inna ta koma ya sa ta koya masa turarawar. Kowace Juma'a da hantsi za ka gan shi tsugune a bayan ɗaki, dattijo da furfura, yana barbaɗa kajiji a garwashi. Abokansa suka yi ta yi masa tsiya wai ya ƙwace aikin mata, bai kula su ba. Bai kuma sake ɗaga hannu ba. In baƙo ya yaba shayin, sai ya ce a yi wa mai ruwan addu'a.

Har yau ina son shayi iri-iri, har da na kwali, kuma ban daina cewa a kula da ruwan sha ba. Abin da ke cina shi ne yadda na shiga gidan da aka haife ni na yi ta ba da umarni, ban tsaya na tambayi ko mace ɗaya me ake yi da wannan 'yar randar ba. Na zagaya kasuwanni ina neman ganye, alhali amsar tana wurin waɗanda na yi wa darasi. Tun daga lokacin, in na ji daɗin wani abu a gidana, nakan shiga ciki in tambayi matata yadda aka yi. Da farko ta zaci wani laifi nake nema.

Butar da randar duk suna wurina yanzu, ni nake turarawa ranar Juma'a. In Allah ya kawo ku gidana na ba ku shayi kuka ji daɗinsa, kada ku yabe ni. Ku karanta wa mahaifiyata Ƙulhuwallahu.