Turaku Biyu na Hambali Manila

A gefen babban kanal ɗin da ya ratsa Unguwar Sammani, tsakanin Kura da Bunkure, akwai wani daɓen siminti mai tsawon mita ashirin da takwas da faɗin goma sha biyar. Daga hantsi zuwa la'asar ba a ganin simintin, domin shinkafar da mata suka turara ce shanye a kai. Da an idar da sallah sai a kwashe, a share, samari su fito da ƙwallo. Har zuwa bara, a kowane ƙarshen daɓen akwai turken ƙarfe mai allo da zobe. An fi shekara talatin a kan wannan tsari. Babu inda aka rubuta shi, mutum ɗaya ne kawai ya tsaya a kansa: Hambali Lukmanu, wanda kowa ke kira Hambali Manila.

Shekararsa sittin da ɗaya. Yana noman tumatir da rani, shinkafa da damina, a eka ɗaya da rabi da ya gada. Bai taɓa zuwa Manila, babban birnin Filifin, ba, iyakar tafiyarsa Kaduna. Sunan ya samo shi ne a 1981, lokacin da yake riƙe wa wani mai awon ƙasa ɗan ƙasar Filifin sandar awo a aikin kanal. Malam Ernesto ake ce wa mutumin, gajere ne, bai wuce kafaɗar Hambali ba. Kamfanin da ya kawo shi ya zuba daɓen ne don ajiye buhunan siminti. Da aka kwashe kaya, Malam Ernesto ya sa aka yi waldar ragowar bututu biyu, ya kafa, ya tara leburori ya ce su zo su koyi ƙwallon kwando. Goma sha ɗaya suka fara. Da ya koma ƙasarsu a 1984, saura Hambali kaɗai.

Tun daga nan yake tara yara, su girma, su tafi Kano ko soja, wasu su zo. A garin da gidan kallo ba ya cika sai ranar ƙwallon ƙafa, ra'ayoyin Hambali ba su da mai saye, amma bai taɓa sauko da su ba. Duk ranar kasuwar Bunkure yakan biya shagon masu tura fina-finai a zuba masa wasanni a waya: na gasar Amurka, da na Filifin idan an samu, da damben keji, wanda ake rufe mutum biyu a cikin raga su fafata. Da yamma ya zauna a teburin mai shayi ya yanke hukunci.

"Na Amurka sun lalata wasan," in ji shi. "Mutum kamar giginya, ya tsallake tsakiyar fili sai ya wurga daga nesa, 'yan uwansa huɗu suna tsaye suna kallo. Ku kalli na Filifin. Allah bai ba su tsawo ba, dole kowa ya miƙa wa ɗan uwansa. Su ne suke wasa, waɗancan nuna jiki suke."

Wanda ya fi ja da shi Giɗaɗo ne, makiyayin da ya zauna a bayan gari, wanda ba ya rasa dambe idan an zo da shi Kura bayan kaka. Shi damben keji ne ba ya so a ambata.

"Wannan kuma dambe ne? Mutum ya faɗi, ka hau ruwan cikinsa kana duka? A wajenmu da gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, a ba shi hannu ya tashi. Naku faɗan tasha ne, Manila."

"Kai da ko ɗan maraƙi ya ture ka sai an kira mutane," Hambali ya ce. "Can faɗuwa ba ita ce ƙarshe ba. Na ga wanda aka danne minti huɗu, ya murɗe hannun na sama ya ci. Abin da na tsana a wajensu surutun nan ne kafin faɗa, a yi ta zagin iyaye a gaban kyamara. Da alƙalan nan uku da ke zaune a waje, ko gumi ba su yi ba, su ne masu cewa wane ya ci."

"To ka shiga mana, mu ga."

"A kawo sa'ana. Kai ba ka isa ba."

Matsalar ta taso ne a watan Nuwamban bara, ana tsakiyar kaka. Wani tsohon yaron Hambali da ke koyarwa a Dawakin Kudu ya aiko cewa zai kawo 'yan wasansa ranar Asabar. Ba a taɓa yin baƙi a filin ba. Shekara da shekaru da farar ƙasa ake ja layuka, tsintsiya ta share, a sake. Hambali ya ga bai dace baƙi su tarar da haka ba, sai ya sayo gwangwanin jan fenti na mai. Ranar Alhamis bayan asuba ya ja layukan tsaf, ya jera duwatsu a gefe don a gane, ya tafi gona saboda ranar da ake sako masa ruwan kanal ce. A lissafinsa kafin hantsi ya bushe.

Bai bushe ba. Matan suka zo da shinkafa da zafinta, suka ɗauka duwatsun wasan yara ne, suka ture su suka baza. Da azahar da aka zo juyawa, sai ga jan layi a jikin shinkafa, ga warin fenti. Buhu huɗu suka lalace, duk na Zuliha.

Zuliha ita ce shugabar mata masu turara, kuma 'yar kawun Hambali ce, abokiyar wasansa tun suna yara. Kusan kowace la'asar sai sun yi cacar baki a kan lokacin kwashewa. Ranar nan a gona ta same shi, da shinkafar a bakin zaninta.

"Ɗan Manila, zo ka gani. Wace ƙasa ake cin wannan? Ko can garinku?"

Ya duba. "Na jera duwatsu, Zuliha."

"Duwatsu baki gare su? Tsoho da furfura, ba ka iya leƙowa gida ka ce kada a shanya ba? Da ƙwallo ce ta fashe da gari duka ya ji."

Ya ce ta aika a ɗebi tasa shinkafar a rumbu. Ta ce za ta ɗiba, amma magana ba ta ƙare ba.

Wanda ya ɗauki maganar Alhaji Fatihu ne, mai injin casa a tsallaken hanya. Sau uku a baya yana neman a cire turken gabas, domin manyan motocin da ke zuwa ɗaukar kaya ba sa iya juyawa sai sun yi ta baya da gaba. Yanzu ya tafi wurin dagaci da buƙata babba: a cire turakun biyu, a zagaye daɓen da katanga, a sa ƙofa, shi zai yi aikin, abincin mutane ya huta da wasan yara.

Aka zauna a ƙofar gidan dagaci ranar Juma'a bayan an sauko. Alhaji Fatihu ya yi magana a natse, kuma ba ƙarya ya faɗa ba. Ya ce shinkafa ce ke riƙe da garin, ƙwallo ba ta taɓa ciyar da kowa ba. Mutane da yawa suka gyaɗa kai.

Hambali ya gyara zama. "Allah ya ja da ran dagaci. Fenti laifina ne, ni na shafa, ban faɗa wa kowa ba. A yi mini duk hukuncin da ya dace. Amma turke me ya yi? Ranar da aka kafa shi babu injin casa a nan, babu hanyar ma. Mota ce ta zo ta same shi."

"Malam Hambali, ka girma da wannan abu," Alhaji Fatihu ya ce. "Jikoki gare ka."

"Shi ya sa, Alhaji. Su ma za su buga."

Aka yi dariya. Dagaci ya ɗaga hannu, ya ce a ji ta bakin wadda aka yi wa ɓarna. Zuliha tana gefe da mata uku. Kowa ya ɗauka ita za ta ƙarasa shi.

"Ranka ya daɗe, ni ban yafe masa ba tukuna, sai na ga dama," ta ce. "Amma shekara talatin muna shanya, babu wanda ya taɓa tambayarmu buhun wa za mu kai inji. Wannan mahaukacin iyakarsa ya tsaya mana a ka da la'asar yana duba agogo. In aka sa ƙofa, wani ne zai riƙe makulli, kuma mun san ba mu ba ne. A bar mana mahaukacinmu."

Dagaci ya raba hukuncin. Babu katanga, babu ƙofa, turken yamma ya tsaya. Na gabas kuwa a cire, domin motoci su sami hanya. Ya juya ga Hambali ya tambaye shi ko ya yarda.

"Na ji, ranka ya daɗe. Ban yarda ba, amma na ji."

Wasan Asabar ɗin bai yiwu ba, aka aika Dawakin Kudu kada su taso. Ranar Lahadi Alhaji Fatihu ya turo mai walda don ya yanke turken daga gindi. Hambali ya riga shi zuwa, ya jingina da ƙarfen. Ya ce dagaci cewa ya yi a cire, bai ce a yanka ba, kuma duk wanda zai kunna wuta sai ya fara ta kansa. Mai waldar ya naɗe wayarsa ya koma.

Da diga da guduma Hambali da samarinsa suka tono shi. Kwana biyu suka yi, domin Malam Ernesto ya zuba kankare kusan mita ɗaya a ƙasa. Giɗaɗo ya kawo amalanke da bijimai biyu, yana mita tun daga daɓen har gona cewa shanunsa ba su taɓa jan abin banza irin wannan ba.

A kusurwar gonarsa da ke kusa da hanya Hambali ya kafa turken. Ya tuge dashen tumatir na fangali shida, wanda bai fi sati uku da dasawa ba, ya baje kunyoyin. Matarsa Tambaya ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, a na uku ta ce ya dai tuna ba a miya da ƙwallo. Maƙwabcinsa na gona ya ce a kai shi a duba shi. Hambali ya sa aka kawo jar ƙasa daga bakin kanal, suna yayyafa ruwa suna daɓewa da madaɓi kamar yadda ake yi wa ɗaki.

Filin bai kai rabin na siminti ba, kuma bai yi kyau ba. Ƙwallo tana tashi a wani wuri ta mutu a wani. Ranar da maƙwabci ya ba gonarsa ruwa, gefe ɗaya sai ya jiƙe, sai da aka ɗaga masa kunya mai tsawo. Samarin sun rabu biyu, wasu a turken yamma bayan an kwashe shanya, wasu a gona, inda ba sai an jira kowa ba. Hambali yana bi tsakani a kan keke da usur a wuya.

A farkon watan jiya ya sake aika wa yaronsa na Dawakin Kudu, ya ce su zo a buga uku da uku a gona. Yaron ya bugo waya ya ce 'yan wasansa sun saba da siminti, ba su taɓa wasa a ƙasa ba, ko za a jira a ga yadda za a yi. Hambali yana tsaye a ƙarƙashin zoben da madaɓi a hannu lokacin da ya amsa.

"Ba abin da za a jira. Wannan ne filin. Ku zo ranar Asabar, in kun ci mu sai ku faɗi aibinsa."