Gilashin Da Na Fasa A Injin Ƙanƙara

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, ni saurayi ne mai ji da kai. Na dawo Haɗejiya daga makarantar koyon sana'a, ana ce mini injiniya, ni kuwa ba na musawa. Wani Alhaji ya ɗauke ni aiki a masana'antarsa ta ƙanƙara a bakin kogi. Ruwan kogin muke jawowa, yashi ya tace shi, sannan ya ratsa bututun ƙarfe mai fitila a ciki, wadda haskenta ke kashe ƙwayoyin cuta. Fitilar na zaune cikin wani dogon kwanson gilashi. Wanda ya kafa injin ya ja mini kunne cewa kwanson na musamman ne, gama-garin gilashi kuwa yana tare hasken da ke kashe ƙwayoyin, ko da ido na ganin fitila na ci. Na ce na ji, alhali a raina cewa nake iyayi ne kawai.

Da damina kogi ya cika ya yi jawur, laka ta manne wa kwanson. Na zaro shi zan wanke, ya suɓuce, tas! Wallahi ba tsoron Alhaji ya hana ni faɗa ba, girman kai ne. Na samo mataccen dogon ƙwan lantarki, na yanke bakinsa biyu, na wanke farar hodar ciki, na zura fitilar. Da na leƙa na ga shuɗin haske, har yaba wa kaina na yi.

Yawancin ƙanƙararmu masuntan garin Baturiya ke saye don kifi, ba don sha ba. Amma yayata, wadda da kunun zaƙi take riƙe marayunta huɗu, ta tambaye ni ko ta saka a kununta, tunda lokacin cikar kogi ne. Na rantse mata ruwanmu ya fi na rijiya tsabta. Kwana biyu da kai kunun kasuwa, waɗanda suka sha suka kama amai da gudawa, har da kwanciya asibiti. Unguwa ta ce ƙazantarta ce, aka daina sayen ko ƙuli a gidanta. Ta zo gabana tana kuka, tana tambaya ko geron ne ko tsamiyar. Na sunkuyar da kai na ce ƙaddara ce.

A ɓoye na sa aka kawo kwanson gaske, amma bakina bai buɗe ba. Ita kuwa ta koma yankan shinkafar mutane a fadama, har ƙarfinta ya ƙare.

'Yan'uwana masu aikin inji, abin da ba ku san amfaninsa ba kada ku musanya shi da mai kama da shi, in kuma kun yi ɓarna ku faɗa da wuri. Ni na yi ta cewa gobe. Ranar da na je da niyyar faɗa mata, tana kwance jinyar ajali, ta riga ni magana. Ta riƙe hannuna ta ce in yafe mata kunyar da ta jawo wa gidanmu.