Ruwan da Madam Hamsatu ta zuba a kan siminti

Jama'a, albishirinku! Da safen nan ina tsakiyar ɗinke buhun albasa a kasuwa waya ta shigo daga kudu: an ɗauki Balkisa. An ɗauke ta! Rukunin farko, cikin 'yan matan da za su ci gaba da horon hoki.

Na rangaɗa guɗa har direban kamiyon da muke yi wa lodi ya leƙo yana tambaya ko haihuwa aka yi.

Sai da na latsa lambar Madam Hamsatu zan yi mata albishir, sannan na tuna wata biyu ke nan da aka kai ta makwancinta. Na zauna a kan buhu ina dariya ina hawaye.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Madam Hamsatu ita ce malamar wasanni ta lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta boko. Ita ta fara kawo sandunan hoki garinmu Malanbil a cikin buhu, lokacin da mutane ke tambaya ko kiwo za ta koya wa 'yan mata. Ni Ramatu na shiga hannunta ina 'yar sha uku, daga baya na zama mataimakiyarta. Balkisa kuwa ɗiyar yayana Sule ce, daga ƙauyen Garu.

Ranar da ƙwallo ta fasa mini leɓe, da ɗankwalinta ta tare jinin. Ta raka ni har gaban innata ta ce laifinta ne, ba nawa ba.

Kullum akwai dabino a jakarta, amma sai wadda ta ba wata ƙwallo ta ci ke samu. Wadda ta ci da kanta, tafi kawai za a yi mata. Mun yi ta ƙorafi, ko a jikinta.

Bara aka fara gayyatar mu sansanin horon da ake tara gwanayen 'yan mata can bakin teku. Mun tafi da uku, waɗanda suka fi kowa ƙarfin bugu. Ni da bakina na cika gari cewa za mu ba su mamaki.

Mun ba su kam!

Mu a kan rairayi muke wasa. Rairayi yana riƙe ƙwallo, dole ka maka mata sanda da duk ƙarfinka kafin ta kai wurin 'yar'uwarka. Su kuwa filinsu ciyawar roba ce, kuma jiƙa ta suke yi da ruwa kafin wasa. Ka ɗan taɓa ƙwallo, ta wuce. Yaranmu suka dinga bugu irin na gida, ƙwallo na ficewa waje. In an turo musu, su tare da sanda a ƙage, ta yi tsalle ta koma ƙafar abokan karawa. Masu tantancewa suna zaune da takardunsu suna rubutu, ba ruwansu da surutu. Kwana na biyu aka raba mayo, wato rigunan wasa, kala uku, yaranmu duka suka samu na rukunin ƙarshe.

Kun san ni da baki. Na ce an raina mu ne don daga arewa muka zo, don ba mu iya faransancin birni ba. Har na miƙe zan je in same su.

Madam ta riƙo zanena. "Zamna, Ramatu. Mutanen ga gaskiya suka rubuta. Yaranmu suna da ƙafa, suna da zuciya, amma wasan ga ya fi namu sauri. Ki ji haushi in kina so, amma ki buɗe ido."

Aka tashi cin abinci, ita tana durƙushe a bakin fili, tana shafa ciyawar da tafin hannu, tana mirgina ƙwallo tana bin ta da kallo. Ni walle kunya ta kama ni, na yi kamar ban san ta ba.

Mako ɗaya da dawowarmu ta ce in hau bayan motonta. Ba ta tsaya ko'ina ba sai dandalin simintin da manoma ke shanyar shinkafa a bakin gona. Ta roƙi Baba Alzuma mai gadin wurin ya ba mu aron shi da sassafe, kafin a baza shinkafa. Ya ce, "Madam, ruwa a wurin shanya? So kike a kore ni?" Ta yi mishi alkawarin kafin rana ta ɗaga za mu share mu tsane shi tas. Ya yarda, amma ya ce ranar da ya ga damshi ko kamar tafin hannu, mun gama.

Haka muka koma. Kowace yarinya ta zo da bido ɗaya na ruwa, wato jarka, a kwarara a kan siminti, a yi wasa, sannan a bi da tsumma. Mun sha faɗuwa! Mun sha dariyar masu wucewa! Amma ƙwallo na gudu kamar yadda muka gani a kudu.

Da aka ce bana mutum ɗaya za mu tura, ni kam wata 'yar wasanmu Nafisa na zaɓa, don ita ke ci mana wasa. Madam ta ce Balkisa. Na ce, "Madam, ɗiyar yayana ce, amma gaskiya bugunta bai kai ko'ina ba." Ta ce, "Kin taɓa kallon ta ranar lodi, in ana jeho mata albasa? Ko ɗaya ba ta ƙujewa a hannunta. Tana karɓa tana bin ta baya. Haka take tare ƙwallo. Kuma kanta a ɗage yake, ta san inda za ta tura tun ba ta iso ba. Ƙarfin bugu a wata uku ake koyon shi. Wanga hannu kuwa ba ni na ba ta ba."

Saura yaya Sule. Shi bai ga dalilin da ɗiyarshi za ta baro Garu da asuba tana ɗaukar ruwa ana zubarwa ba, ga albasa na jiran ban-ruwa. Da ƙyar ya ce ya ba ta wannan karo ɗaya. In an dawo da ita kamar na bara, ta ajiye sanda, kada wanda ya sake yi mishi zancen. Kuma yayana in ya faɗi magana ya faɗa.

Ganina na ƙarshe da Madam, tana kwance a ɗakinta, ta rame ƙwarai, amma bakin nan yana nan. Na ce ta huta da zancen hoki. Ta harare ni. "In yarinyar ga ta kira ki daga can, kada ki tambaye ta nawa ta ci. Tambaye ta sau nawa ƙwallo ta kuɓuce mata." Sai ta sa na jawo jakarta, ta ba ni ƙullin dabino. Ta ce na Balkisa ne, amma kada in ba ta sai ta dawo.

Yau matar da ke shugabantar masu tantancewa ce ta kira ni da kanta. Ta ce bugun Balkisa na buƙatar aiki, kuma tana jin kunyar ɗaga murya ta kira 'yan'uwanta. Na ce gaskiya ne. Ta ce amma a kwana ukun nan da wuya su ga ƙwallo ta yi tsalle daga sandarta, ko da an turo da ƙarfi. Sannan ta tambaye ni, "Wai ina kuka samu filin ruwa a Malanbil? Ba mu san da shi ba."

Na ce mata, "Ai namu har shinkafa yake busarwa!"

Da na yi mata bayani ta ce in turo hoto.

Na kira yaya Sule. Ina gama ba shi labari ya kashe waya. Ɗazun nan da azahar sai ga shi a rumfata, ƙura har gira, bido huɗu cike da ruwa ɗaure a bayan moto. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Ke Ramatu, ƙarfe nawa kuke jiƙa simintin nan? Ƙanwarta Zali ta hana ni sakat."

Na ce, "Yaya, ruwan albasar fa?" Ya ce in rufe mishi baki.

Dabinon na nan a jakata, ban taɓa ko ɗaya ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Madam Hamsatu, Ka sanyaya kabarinta, Ka sa kowane bidon da aka zuba a wurin nan ya zame mata lada. Ka ba Balkisa lafiya da natsuwa, Ka dawo mana da ita ta karɓi saƙonta.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi wa Madam fatiha ɗaya. Wanda ke kusa kuma, gobe bayan sallar asuba muna dandalin Baba Alzuma. Ya zo da bidonshi.