Duwatsun Kan Kwano

Ban taɓa mantawa da ranar da aka sauke duwatsu daga kan rufin gidan marigayi Alhaji Tanimu a Ikara ba, don a gabana aka sauke su, kuma ban hana ba. Ku da kuka shigo dillancin gidaje kwanan nan kun sha tambayata abin da ƙaton dutse yake yi a kan teburina, har wani cikinku ya ce ko na tsari ne. Ba na tsari ba ne, ku gyara zama ku ji.

Shekarata shida a sana'ar a lokacin. Ga wanda bai san yadda muke yi ba, mai gida ne zai kawo wa dillali gidansa, dillali ya nemo mai saye ya zagaya da shi. In an daidaita sai a je gaban mai unguwa da shaidun kowane ɓangare, a rubuta takarda, a sa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa. Abin da ba a rubutawa a takarda shi ne, kasuwar tsofaffin gidaje da rani take ci. In ka tambayi dillali dalili zai ce maka lokacin ne manoman rake da masara suke da kuɗi a hannu. Gaskiya ya faɗa, amma rabi. Ɗaya rabin shi ne da rani babu rufin da yake yoyo.

Gidan Alhaji Tanimu ɗaki huɗu ne da zaure, ga rijiya, ga bangon bulo lafiyayye. Rufin ne ya gaji. Tsatsa ta ci kwanon, gara ta gama da katakon da ke ƙarƙashinsa, ƙusa ba ta da abin kamawa. Tsohon ya san haka, shi ya sa ya jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a sama, kowanne a daidai inda ƙusa ta saki. Duk shekara kafin hadarin farko yakan sa a hau a gyara musu zama. Ba kyan gani, amma da su gidan ya yi ta ƙetare damina.

Da ya rasu, magada suka wakilta babban ɗansa Bashir ya sayar. A Kaduna yake zaune, Injiniya ake ce masa, ko da yake har yau ban haɗu da wanda ya ga ko kwalbatin da ya gina ba. Ya zo wata Asabar a watan Fabrairu, baƙin tabarau a fuska, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Ya ɗaga kai ya dubi rufin da ya girma a ƙarƙashinsa, ya ja tsaki.

"Malam Salisu, wannan wane irin ƙauyanci ne? Gida da kaya a ka kamar motar kasuwa? Wa zai saya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai su ne suke riƙe da kwanon."

"Ni za ka koya wa rufi? A sauke su yau. Fenti za a yi, a sa silin. In ba za ka iya ba ka faɗa mini, dillalai sun cika Ikara."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta ɗaure mini baki. Kwana huɗu aka yi ana aiki. Aka shafe tsatsa da koren fenti, aka rufe ruɓaɓɓen katako da farin silin, aka tara duwatsun a lungun bayan gida aka lulluɓe da kara. Gida ya fito fes. Injiniya ya ɗauki hoto a waya yana ta yaba wa kansa, wai ya ƙara wa gidan daraja.

Da wanda ban sani ba ne ya saya, da wataƙila na daɗe da mantawa, don mu dillalai mun iya mantuwa. Amma wanda ya zo Malam Yusha'u ne, hedimastanmu na firamare a Nasarawan Doya, wanda ya kama hannuna ya koya mini rubuta sunana. Ya yi ritaya, an daɗe ana ja masa rai kafin giratutinsa ya fito, kuma duk tsawon aikinsa a gidan haya ya yi shi. Abin da ya samu ke nan a duniya, kuma yana so ya ajiye iyalinsa a inda ba mai ƙwanƙwasa musu ƙofa a ƙarshen shekara. Da ƙafarsa ya tako rumfarmu, ya wuce sarkin dillalai da manyana duka, ya zauna a bencina.

"Salisu, kai na sani. Nemo mini inda zan ƙarasa kwanana."

Na kai shi gida biyu ba su yi masa ba, na uku shi ne na koren rufi. Ya leƙa rijiya, ya bubbuga bango, ya auna tsakar gida da taku yana lissafin inda matarsa za ta ɗaure awaki. Sannan ya ɗaga kai.

"Rufin fa, Salisu? Ni alli na sani, ban san kwano ba."

Na ce, "Malam, ga shi kana gani."

Kun san wannan magana, don na ji wasunku sun fara yin ta. Ita ce mafakar dillali. Ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma faɗi gaskiya ba, ka bar fenti ya yi maka rantsuwa. Malam ya gyaɗa kai ya ce, "To, tunda kai ka ce." Ni kuwa na yi ta gaya wa zuciyata cewa ai ban ce komai ba.

Ranar sa hannu, mai unguwa ya yi tambayar da aka saba: "Akwai wani aibi da aka sani ba a faɗa ba?" Injiniya ya ce, "Aibinsa ɗaya, arha." Aka kwashe da dariya, har da ni. Abin takaicin shi ne babu wanda ke zaune a wannan tabarma, ban da Malam da shaidunsa da suka zo daga Makarfi, da bai san duwatsun nan ba. Mai unguwa ya yi shekara da shekaru yana wucewa ta ƙarƙashinsu zuwa masallaci. Maƙwabtan da suka yi shaida a gabansu aka sauke su. Amma kowa ya ji kunyar ɗan marigayi, ba wanda ya ji kunyar baƙo. Aka shafa fatiha, aka raba goro.

Malam bai cika wata biyu da tarewa ba hadarin farko ya taso, wata Alhamis bayan la'asar. Ba wata iska ce ta a zo a gani ba, don gidajen layin ko kwano ɗaya ba su rasa ba. Amma koren rufin nan ta naɗe shi kamar tabarma, ta jefa shi a gonar bayan layi. Ruwa ya biyo baya, silin ya jiƙe ya rufto. Allah ya tsare rai, sai dai matarsa da katako ya fasa wa goshi.

Washegari da safe na je. Ɗaki huɗu, duk inda ka shiga sama kake gani. Zauren kaɗai ya tsira, don shi na soro ne. Na tarar da Malam a durƙushe yana shanya littattafansa da takardun aikinsa a kan tabarma, tawada ta zube. Iskar ta kuma watsar da karan da aka lulluɓe lungu da shi, ga duwatsu nan a fili, kowanne da tambarin tsatsa a cikinsa. Maƙwabtan da suka yi gum ranar shaida, yanzu bakinsu ya buɗe, kowa yana rige-rigen ba shi labari. Ya amsa gaisuwata bai ɗago ba.

Aka zauna gaban mai unguwa. Injiniya bai zo ba, a waya aka same shi, aka buɗe murya kowa yana ji.

"Haba jama'a, iska ai ta Allah ce, ni na aiko ta? Ya gani, ya yarda, ya sa hannu. Ina da mitin."

Ya kashe waya. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce sai haƙuri. Malam ba shi da ƙarfin zuwa kotu, abin da yake da shi duk yana cikin bangon nan. Na mayar masa da la'adata, ba ta rufe fiye da ɗaki ɗaya ba. A wannan ɗakin da zaure shi da iyalinsa, mutum tara, suka yi damina. Kada wani ya yaba mini a kan mayar da la'ada. Wanda ya tura ka rijiya ya miƙo maka tawul ba gwani ba ne.

Bayan kamar mako uku ina zaune a rumfa sai ga ɗan acaɓa ya tsaya, Malam a baya, rungume da abu a cinya. Ya sauko da ƙyar, ya tako har gaban teburina, ya dire dutsen nan.

"Dillali, ga wannan. Na ga ba a sa shi a takarda ba, kada ya zama na ci haƙƙin wani."

Ya juya ya hau acaɓarsa. Bai zage ni ba, bai yi mini baki ba.

Abin da na koya ke nan, ku ma ku riƙe. In aka kawo muku tsohon gida da sabon fenti, ku zagaya lungu ku ga abin da aka lulluɓe, ku hau tsani ku taɓa katako da hannunku. Masu gida irin Injiniya ba za su ƙare ba, shaidun da ke cin goro su yi shiru su ma ba za su ƙare ba. Mai saye ba su ya yarda da su ba, ku ya yarda da ku. Shi mai sayarwa zai shiga motarsa ya tafi, ku ne za ku zauna a gari da wanda kuka ce wa ga shi kana gani.

Malam Yusha'u yana nan da ransa, 'ya'yansa sun rufe masa sauran ɗakunan a hankali. Duk Juma'a muna haɗuwa a masallaci, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa da kyau, har ya tambayi iyali. Amma shekara tara ke nan, mutumin da ya koya mini rubuta Salisu bai sake kirana da shi ba. "Lafiya lau, dillali," yake cewa.